Kafin ka ce wa unguwa za ka tafi Landan karatun dirama

Ƙannena masu harkar dirama da waƙa da kiɗa, yau da ku nake, kuma ku yi haƙuri maganar za ta ɗan ja don abin ya daɗe yana cina a rai. Tun daga lokacin korona a 2020 da manyan makarantun koyon wasan kwaikwayo da kiɗa na Ingila da Amurka suka koma karɓar odishin, wato gwajin baiwar masu neman shiga, ta bidiyo, ƙofa ta buɗe mana wadda da can ba mu ma san da ita ba, yaro yana zaune a Fagge ko Tudun Wada ko Damagaram zai ɗauki kansa da waya ya tura, ba kuɗin jirgi ba layin biza. Wannan alheri ne ba musu. Amma yadda wasunku ke yi bayan sun danna tura ɗin nan, wallahi abin takaici ne.

Akwai wani yaro a ƙungiyarmu ta dirama, ba zan kama suna ba, yaro ne mai baiwa ta gaske, in ya hau dandamali har gashin jikinka sai ya tashi. Ya tura bidiyonsa wata makaranta a Landan, bayan 'yan makonni aka turo masa imel cewa ya tsallake zagayen farko. Shikenan fa. Kafin magariba ya sa tutar Ingila da hoton jirgi a sitatus, washegari dangi suka fara sintirin zuwa taya murna, wata goggonsa har ta dako masa yaji da kuka ta ƙulle a leda wai can ba a samu, shi kuma gogan ya je ya sallami ogansa na shagon gyaran waya wai yana shirin tafiya. Aka yi zagaye na biyu ya wuce, a na uku aka ce masa an gode, a sake gwadawa wata shekara. Yau wata nawa ke nan yaron nan ba ya zuwa ɗaurin aure ba ya zama majalisa, don duk inda ya gifta sai ka ji an ce ga Ɗan Landan nan, yaushe ne jirgin? Ba faɗuwar ce ta karya shi ba, faɗuwa a odishin ai kamar faɗuwa ce a koyon keke, bakinsa ne ya yanka masa wuya.

Abin da bai gane ba, kuma da yawanku ba ku gane ba, imel na farko ba admishan ba ne. Ɗauki RADA misali, makarantar koyon wasan kwaikwayo da aka kafa a Landan tun 1904, ɗalibai wajen 28 kawai take ɗauka a ajin wasan kwaikwayo a shekara cikin dubban masu nema, kuma sai an bi zagaye bayan zagaye ana tankaɗe. Makarantar Juilliard ta Niyok ma sashenta na dirama abin da take ɗauka a shekara bai kai mutum 20 ba. To kai da aka ce ka wuce matakin farko, tsakaninka da kujerar nan akwai ɗaruruwan mutane, wasu wannan ne karo na uku ko na huɗu da suke gwadawa. Ba wai ina karya muku gwiwa ba ne, jarumar fim Wunmi Mosaku ai a Zariya aka haife ta, ta gama RADA a 2007 har ta ci BAFTA, babbar kyautar fim da talabijin ta Ingila, a 2017, sai dai ita tun tana jaririya aka tafi da ita Mancesta a can ta girma, kai kuma daga nan kake miƙa hannu, hanyarka ta fi tsawo, ka san da haka tun wuri.

Bari in ɗan koma baya kan bidiyon kansa, don a nan da yawa suke zubar da damarsu tun kafin a zo maganar jira. Mun taɓa ɗaukar wata ƙanwata a ɗakin tsakar gida, bango fari muka samu muka cire kalanda da agogo, muka kwantar da waya a gicce a kan litattafan da muka jera bisa tebur, taga tana gabanta ba bayanta ba don in haske yana baya fuska baƙi ƙirin take fita, muka kashe fanka duk da zufa. Ɗauka ta farko zakara ya yi cara, ta biyu mai adaidaita ya danna hon a ƙofar gida, ta huɗu tana tsakiyar wurin kuka maƙwabci ya tada janareta, sai a ta tara muka samu mai tsabta, kuma da muka kalla sai ga akuya ta yi magana ana saura daƙiƙa biyar. Muka bar shi haka, don wasan ya yi kyau kuma mutanen nan ba akuya suke saurare ba. Abin da ba za su yafe ba shi ne ka yanka ka haɗa, ko ka sa filta, ko ka ɗora kiɗa a ƙasa, ko ka gyara murya a situdiyo. Mu a finafinanmu mun saba a rera waƙa daban jarumi ya bi da baki, to can muryarka tsirara suke so, da numfashinka da inda ta ɗan girgiza. Kuma don Allah ku daina kwaikwayon Turancin Amurka na cikin fim, ka yi magana da harshenka yadda Allah Ya yi ka, a ji kowace kalma sarai, ya fi ka riƙa murɗe baki kamar mai cin tuwo da zafi.

Galibi za su ce ka kawo magana ta mutum ɗaya kamar ta minti biyu, ɗaya daga tsofaffin wasanni irin na Shakespeare ɗaya ta zamani, wasu su ƙara da guntuwar waƙa ba kiɗa. Shakespeare ya mutu tun 1616, Turancinsa ko Turawan ma sai sun buɗe ƙamus, saboda haka kar ka haddace kamar aku, ka bi kalma bayan kalma har sai ka iya faɗin ma'anar da Hausa ga ƙaninka ya gane, ka san wa kake wa magana kuma me kake so a wurinsa. Ka karanta dukan wasan, ba guntun da ka tsinta a intanet ba, don in an kira ka ta Zoom za su iya tambayarka me ya faru kafin wannan wurin. Sannan ba a fafe gora ranar tafiya, makarantun kiɗa da yawa na Amurka 1 ga Disamba suke rufe karɓa, kai kuma ka san halin netwok ɗinmu, ka tura saura mako guda, ba daren ƙarshe ba kana kallon abu ya tsaya a kashi 87 data ta ƙare katin naira ya ƙi biyan kuɗin fom.

Wani abu ƙarami mai kashe mutane shi ne agogo. Lokacin sanyi Najeriya da Nijar suna gaba da Niyok da awa 6, suna gaba da Landan da awa 1. Amma ranar Lahadi ta biyu a watan Maris Amurka tana tura agogonta gaba, tazarar ta koma awa 5, Ingila kuma sai Lahadin ƙarshe ta Maris take nata, daga nan lokacinmu da na Landan ya zama ɗaya. Na san yarinyar da aka ba ƙarfe 10 na safe agogon Niyok a tsakiyar Maris, ta lissafa da awa 6 kamar yadda ta yi a Janairu, ta sha kwalliya ta zauna gaban kwamfuta ƙarfe 4 na yamma alhali tun ƙarfe 3 aka kira sunanta. Ta yi kuka har ta gode Allah. Kuma lokacin odishin ɗin nan da hunturu yake haɗuwa, maƙogwaro a bushe ga ƙura, a 'yan shekarun nan ma azumi yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, in an ba ka zaɓin lokaci ka ɗauki ranar can wadda ta zama darenmu, ƙarfe 2 na rana a Niyok cikin Fabrairu ƙarfe 8 na dare ne a Kano, ka sha ruwa ka jiƙa maƙoshi. Ka yi cajin komai, ka ajiye layi na biyu na wani kamfani, don an fi ɗauke wuta ranar da ka fi buƙatarta.

To yanzu ka tura, ka yi Zoom, sai jira, kuma a nan ne nake ganin hauka iri-iri. Wani sau hamsin zai buɗe imel a yini, ya farka ƙarfe 3 na dare ya duba, amma bai taɓa leƙa akwatin sifam ba inda saƙon yake kwance kwana goma. Wani ya nemo malaman makarantar a Instagram ya riƙa tura musu gaisuwa da hoton fulawa, haba ɗan uwa, wannan ba neman aure ba ne, zubar da kai ne kawai. In ranar da suka ɗiba ta wuce, imel ɗaya gajere mai ladabi zuwa ofishin admishan ya isa. Makarantun Amurka galibi ƙarshen Maris zuwa 1 ga Afrilu suke fitar da risalt, su ba ka zuwa 1 ga Mayu ka ce eh ko a'a, to tun Disamba har Afrilu me za ka yi, zama? Mafi munin abin shi ne masu daina atisaye, wai ai sun riga sun tura. Kiran zagaye na gaba yana iya zuwa da ƙurarren lokaci, su ce kawo sabon abu, ko su ce maimaita wanda ka yi amma ka yi shi kamar kana raɗa wa mara lafiya, in wata biyu ba ka motsa murya ba a nan za a ga tsatsa. In kuma aka ce kana jerin masu jiran gurbi, ma'anarsa sai wani ya fasa sannan a waiwaye ka, ba abin yanka rago ba ne ba kuma abin zaman makoki ba.

A wannan lokacin ne kuma 'yan damfara suke farauta, don sun san zuciyarka a rataye take. Wani zai ce shi ejan ne yana da mutum a ciki, ka turo dubu ɗari uku ya duba maka lis ko ya sa maka ƙafa. Babu wata ƙafa, malaman da suka kalli bidiyonka ba su san shi ba, kuma risalt ɗinka ta imel ɗinka ko ta shafin da ka cike fom zai zo kyauta.

Maganar da ba ku son ji ita ce ta kuɗi. Ko an ɗauke ka ba a nan gizo ke saƙar ba. Amurka ba za a ba ka I-20 ba, takardar makaranta da ake neman bizar ɗalibi da ita, sai ka nuna kuɗin karatu da na zama na shekara guda, sannan ka biya dala 350 ta SEVIS, rajistar ɗaliban ƙasashen waje, da dala 185 ta biza, Ingila kuma sai ka samu lambar CAS, shaidar makaranta cewa ta ɗauke ka, ka nuna kuɗin makaranta da na ci da sha a banki. Dokar biza ma ba ta zama wuri ɗaya, a watan Yunin 2025 Amurka ta rufe ƙofa ga 'yan Cadi da Sudan, a Yuli ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku shiga ɗaya, saboda haka ka duba halin da ake ciki da kanka kafin ka kashe ko sisi. Gaskiya ne makarantar dirama ta Yale ta daina karɓar kuɗin karatu tun 2021 bayan attajirin nan David Geffen ya ba ta dala miliyan 150, Juilliard ma ta yi haka ga masu digiri na biyu a wasan kwaikwayo daga 2024, amma digiri na biyu sai mai na farko, kuma haya da abinci suna nan suna jiranka. Shi ya sa nake jin haushin mai raina fom ɗin JAMB wai shi ya wuce nan. Sashen dirama na ABU Zariya tun shekarun 1970 yake horar da mutane a gidan wasansa na ginin ƙasa, BUK tana da nata sashen, ga makarantar koyon fim ta ƙasa a Jos, 'yan uwanmu na zango a Gana ga Jami'ar Legon da makarantar koyon fim a Akara. Ka cike na gida ka cike na waje, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma digirin gidan nan shi ne tsanin da za ka taka ka nemi wancan na kyautar.

Abin da ya fi ba ni mamaki, waɗanda ya kamata ku faɗa wa su kuke ɓoye wa, waɗanda ba ruwansu su kuke wa shela. Duk Facebook sun san ka nemi makarantar wasan kwaikwayo a Ingila amma Baba bai sani ba, don kana tsoron ya ce ɗan dirama za ka zama? To ranar da takarda ta zo asusun wa za ka nuna, wa zai sa maka albarka? Ke kuma ƙanwata naki ya fi nauyi, kin san yadda ake kallon harkar nan a wurinmu, in Baba a bakin 'yan unguwa ya fara jin labari to kin gama kashe maganar da hannunki. Ku samu Mama tukuna ko wani kawu da Baba ke jin maganarsa, ku nuna musu makaranta ce ta gaske mai digiri, shekara kaza ake yi, ga abin da ake koya, ku saurari tsoronsu don ba duka ne rashin wayewa ba, wani tsoron yana da tushe.

Shi yaron namu ogansa ya mayar da shi shago bayan an sa baki, ledar yajin goggo kuma a gida aka cinye. Makon jiya da daddare ya zo ya ari abin kafa waya, ya ce zai sake ɗauka bana kuma ya cike na Zariya ma, amma don Allah Yaya kar ka faɗa wa kowa. Na ce Baba fa? Ya ce ai Baba ne ya ba shi kuɗin fom. Ga shi dai na faɗa, amma ban kama suna ba, ranar Asabar da hantsi za mu ɗauka, na ce ya je ya roƙi maƙwabcinsu ya bar janaretan nan a kashe na awa ɗaya.