Kafin Ka Ce "Wallahi Ban Manta Ba"

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Makon jiya bayan La'asar na zauna sasanta maƙwabtana biyu a kan kuɗin masara. Ɗaya ya ce dubu 40 ya bayar, ɗaya ya ce dubu 30 ya karɓa. Kowa na rantsuwa, jijiyoyin wuya sun tashi, har mai bayarwa yana faɗin kalar rigar da ya sa ranar. Na san su tun ƙuruciya, babu mai cin haƙƙi a cikinsu. Abin da ya fi yi mini ciwo ke nan.

Muna ɗaukar ƙwaƙwalwa kamar akwatin ajiya, abin da ka sa shi za ka ɗauko. Masu bincike sun nuna ba haka ba ne. A 1974, Elizabeth Loftus da John Palmer na Jami'ar Washington a Amurka sun nuna wa ɗalibai bidiyon haɗarin mota, sannan suka tambaye su gudun motocin. Waɗanda aka ce wa "lokacin da suka yi kaca-kaca da juna" sun kimanta kusan mil 41 a awa, waɗanda aka ce wa "lokacin da suka bugi juna" suka ce 34. A gwaji na biyu, bayan mako guda aka tambayi wasu ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin mutum 50 da suka ji kalma mai zafi, 16 suka ce sun gani. Cikin 50 na ɗaya ɓangaren, 7 kacal. Alhali babu gilashin da ya fashe a bidiyon! Kalma ɗaya ta shuka musu abin da idonsu bai gani ba. To ina ga labarin da ka yi wata shida kana maimaita wa kanka cikin fushi?

Dubi fiyayyen halitta (SAW). Bukhari da Muslim sun ruwaito ya sallame a raka'a biyu cikin salla mai raka'a huɗu. Wani sahabi mai suna Zul-Yadaini ya ce, "An rage sallar ne, ko mantawa ka yi?" Ya ce bai manta ba, ba a kuma rage ba. Amma bai tsaya nan ba, ya juya ga sahabbai yana tambaya ko gaskiya Zul-Yadaini ya faɗa. Da suka ce e, ya cika sallarsa, ya yi sujadar rafkanuwa. Mu kuwa a tuna mana, sai mu ce an ƙaryata mu.

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, Baƙara 282, ta zo ne da umarnin rubuta bashi. Don Allah mu daina jin kunyar ɗauko biro a gaban ɗan'uwa.

Su maƙwabtan nawa, ɗan ɗayansu ne ya binciko saƙon banki a tsohuwar wayar mahaifinsa: dubu 35. Wuri ya yi tsit. A wajen Imam Malik, wanda ya rantse kan abin da ya haƙiƙance sannan ya bayyana ba haka ba ne, babu kaffara a kansa. Na gaya musu, suka yi musafaha. Amma kalmar "maƙaryaci" ta riga ta fita a gaban yara, kuma har yau gaisuwarsu ba ta koma yadda take ba. Ku sa su a addu'a.