Shaidar zur cikin rigar halacci

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Daren jiya bayan isha'i na kalli wani fim ɗin sojojin Amurka, irin na kotun soja. Ana tuhumar wani hafsa da buɗe wa fararen hula wuta, sai aka kira amininsa ya ba da shaida, mutumin da wannan hafsan ya taɓa goyowa daga filin daga jini na zuba. Ga shi tsaye cikin kaki, lauya na jiran amsa, leɓensa na rawa. Wallahi ban san lokacin da na ce a raina "kai, yi ƙarya ka cece shi mana" ba. Sai da na kashe talabijin na dawo hayyacina, na yi istigfari.

Ta nan Shaiɗan yake kama mutanen kirki. Ba zai ce maka ka ci amana ba, ya san ba za ka yarda ba. Cewa zai yi: wanda ya yi maka rana, yau za ka yi masa dare?

A hadisin Abu Bakrata da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) yana kishingiɗe yana lissafa manyan zunubai: shirka, saɓa wa iyaye. Da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i kuwa ta umarce mu da tsayar da shaida saboda Allah ko da a kanmu ne, ko iyaye da dangi. To ina ga aboki?

Kada a ce ai fim ne. Ranar 16 ga Maris 1968 sojojin Amurka suka kashe mutum sama da 300 a ƙauyen My Lai na Biyetnam, galibi mata da yara da tsofaffi. Wani matuƙin jirgi mai saukar ungulu, Hugh Thompson, ya sauke jirginsa tsakanin 'yan uwansa sojoji da mutanen ƙauyen, ya kuma kai rahoto. Ya sha zagi da barazanar kisa, sai 1998 aka karrama shi. Shekara 30 ke nan!

Mu namu gwajin ba sai a bariki ba. Gobe ana iya kiranka gaban mai unguwa kan iyakar gona, ga abokinka na ƙuruciya zaune a tabarma yana ƙifta maka ido, kai kuma ka san sarai inda tsohuwar iyakar take.