Ganin Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Ƙannena ɗalibanmu da ke Masar, ku yi haƙuri, yau da ku nake. Makon nan hotunan yawonku na Iskandariyya sun cika mana waya: ga ku a bakin teku, ga ku a gidan kifi, ga ku jere a jikin bangon babban ɗakin karatun nan da aka buɗe a 2002, kowa da baƙin tabarau. Na tambayi ƙanin wani abokina wane littafi ya buɗe a ciki. Ya ce, "Yaya, ai ba mu shiga ba, rana ta yi."

Rana ta yi! Gini ne da aka tsara ya ɗauki littafi miliyan 8. Bangon da kuka jingina da shi, haruffan al'ummomin duniya ne aka sassaƙa a dutse. Kuka juya masa baya, kuka washe baki, aka ɗauka, kuka wuce.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na unguwar Anfushi. Can, dab da masallacin Abul Abbas al-Mursi, Imamu Busiri yake kwance, mai Burda da Hamziyya, waɗanda kakanninku ke rerawa da ka a daren Maulidi, tsofaffin da ba su taɓa ganin teku ba. Baitocin Burda suna nan rubuce a bangon masallacinsa. Ibnu Aɗa'illahi mai Hikam ɗan garin ne, shehinsu ɗaya da Busiri, wato al-Mursi. Kun bi ta ƙofar, amma hoton me kuka turo? Na ƙanƙara mai zaƙi a hannu.

In kun ce ku 'yan boko ne, to Taufiƙ al-Hakim, marubucin wasan kwaikwayo, a garin aka haife shi. Najib Mahfuz, da ya ci kyautar Nobel a 1988, a wani masaukin baƙi na garin ya gina labarin Miramar. Kafafi, mawaƙin nan Bagirke, ya yi kusan shekara 30 yana akawu a ofishin ban ruwa, yana buga waƙoƙinsa a 'yan takardu yana miƙa wa abokai. Ya rasu a 1933, har yau ana zuwa ganin gidansa. Shi bai nemi a gan shi ba; ku kuwa ba ku da aiki sai neman a gan ku.

Ba na ma son tado maganar shisha da kwana a TikTok, alhali uba na can yana sayar da buhun masara a canza masa zuwa dala. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ku gyara, don Allah. Tafiya mabuɗin ilimi ce, amma ga wanda ya buɗe ido. Ko titin Nabi Daniyal ku leƙa, wurin masu tsofaffin littattafai.

A da, ɗalibi in ya dawo daga gabas, akwatinsa sai mutum biyu sun kama, a zaure ake buɗe shi, malamai su zo aron littafi su kwafa da hannu. Yanzu tsarabar Masar jallabiya ce da turare da cazar waya.