Ba Kowane Yawo Ba Ne "Wander"

Ɗalibai da yawa suna ɗauka kalmomin Turancin nan wander, roam da stray duk yawo ne, a saka wadda aka ga dama. Ba haka ba ne. Wander tafiya ce ba inda aka nufa, har hankalin yaro a aji yakan yi ta. Roam tana son fili mai faɗi, kamar na shanu a daji.

Wadda ta fi damuna ita ce stray, domin tana nufin kauce wa inda ya kamata a kasance: akuyar da ta ɓalle daga garke, ko harsashin da ya sami wanda ba a nufa ba. In baƙonka ya fita shan iska ka ce ya yi stray, ka ce ya ɓata ke nan. Stroll ya yi.