Hutun mako biyu ba ya warkar da gajiyar aiki

A nan Ingila, ma'aikacin da aiki ya cinye har ya kasa tashi da safe, shi da kansa yake shaida wa wurin aikinsa rashin lafiyarsa a kwana bakwai na farko. Daga nan likita ya ba shi takarda, har ya rubuta a rage masa awoyi idan ya koma. A Sakkwato kuwa, nas ko malamin makaranta da ya zo da wannan kuka, sau da yawa maganin zazzaɓi ko na taifot ake fara ba shi, ran Litinin ya koma bakin aiki.

Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace alamomin gajiyar aiki guda uku: ƙarewar ƙarfi, ƙyamar aikin, da jin cewa ba ka tsinana komai. Amma kada likita ya yi saurin yanke hukunci. A fara duba ƙarancin jini, sukari da hawan jini, a tantance ko ciwon damuwa ne, a kuma tambayi mutum ƙarara ko yana tunanin hallaka kansa. In ya ce e, a tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware da ke jihar Sakkwato ba tare da jinkiri ba.

Sai barci. Lokacin tashi ɗaya kullum, ban da shayi mai kauri bayan la'asar, tafiyar minti talatin bayan asuba kafin rana ta yi zafi. Ƙwayar barci ta kemis, jiki na sabawa da ita cikin 'yan makonni.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne komawa aiki. Mutum ya huta, ya ji dama-dama, a mayar masa da nauyin da ya karya shi, ya sake faɗuwa. A ganina wannan ne ya kamata mu ara daga Ingila: rabin yini, kwana uku a mako, ana ƙarawa sannu a hankali cikin mako huɗu zuwa shida, ban da aikin dare da farko. Likita ya rubuta wa shugaban ma'aikata haka ɓaro-ɓaro.

Abin da gida ya fi nan shi ne jama'a. A Ingila mai jinya kan wuni a ɗaki shi kaɗai, damuwa ta ƙaru. Sai dai a gida, dangin su ne kuma masu biki, ta'aziyya da buƙatun ƙarshen wata. Don haka a zaunar da matarsa ko yayansa a ɗakin likita, a fayyace hidimomin da za a ɗauke masa har ya murmure.