Hidimar al'umma a sakandare: ƙirga awa ya zama cika fom

A jihar Maryland ta Amurka, ɗalibin sakandare ba ya karɓar takardar kammala karatu sai ya cika awa 75 na hidimar al'umma. A 1992 aka kafa wannan ƙa'ida, kuma ita ce jiha ta farko a ƙasar da ta yi haka. Lardin Ontario na Kanada ya bi sahu a 1999 da awa 40.

Masu suka na cewa da zarar an ce dole, sa-kai ya tashi daga sunansa. Wasu iyaye a garin Bethlehem na jihar Pennsylvania har kotu suka je, suna cewa awa 60 da aka ɗora wa 'ya'yansu aikin bauta ne da tsarin mulki ya haramta. A 1993 kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da hujjarsu. Ni dai ina bayan kotu. Darasin lissafi ma dole ne, ba wanda ya kira shi bauta. Yara da yawa ba za su taɓa leƙa gidan marayu ba in makaranta ba ta tura su ba.

Inda nake da ja shi ne ƙirga awa. Da aka mayar da abin lamba, sai ya zama cika fom. Ɗan mai hali yana da kawu ko aminin uba da zai sa masa hannu a takarda ko da zaman banza ya yi. Ita kuwa yarinyar da ke tashi daga makaranta ta wuce jinyar kakarta, ko yaron da ke aikin yamma don taimakon gida, sau da yawa wahalarsu ba ta shiga lissafi, domin hidimar gida ce. To wa ya fi wani sanin hidima a cikinsu?

Tsarin Maryland ya ɗan hango wannan matsala, shi ya sa ya haɗa aikin da darasi: a shirya, a yi, sannan a zauna a tattauna abin da aka gani. Ajin kimiyya ya auna ruwan rafi, ya gano mai gurɓata shi, ya rubuta wa hukuma. A nan malami ne ke bin sawun aikin, kuma wannan na cin lokacinsa. Makarantar da ba ta ware wa malamanta wannan lokacin ba, takardun sa hannu kawai za ta tara a ofis.