Ranar da Excel ya shafa wa Baffa jan fenti

A danginmu akwai asusun zumunci. Duk wanda ya kai ya kawo yana zuba naira 5,000 a wata, da shi ake kai gudummawar suna da biki da dubiyar mara lafiya. Shekara da shekaru lissafin yana cikin wani tsohon littafi da bangonsa ya sha man ja, har ranar da aka ɗora mini riƙon asusun, wai ni ne mai kwamfuta. Laifina ne da na je taron dangi da jakar laftof a kafaɗa.

Na jera sunaye 38 a Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, bisa girma, domin a gidanmu ko a takarda yaro ba ya hawa kan babba. Layi na 1 kanun bayani, na 2 Baffa Alhaji, na 3 Baffa Ƙarami, haka har zuwa kanmu yara. Sai wani abokin aikina ya nuna mini abin da ake kira kondishinal fomatin: ka gindaya wa Excel sharaɗi, shi kuma ya rina duk gidan tebur da ya cika shi. Ya ce kafin Excel 2007 sharuɗɗa uku kacal ake iya ɗora wa gida guda. Na ce ni biyu ma sun ishe ni yaƙi.

Na rubuta =$C2<5000, wato duk wanda kuɗin da ke gaban sunansa bai kai 5,000 ba, na ba shi ja. Wanda ya cika kuɗinsa kuma kore. Alamar dalar nan na sa ta da kyau, don ya gargaɗe ni cewa idan babu ita launin zai riƙa yawo gefe-gefe. Na danna, allo ya yi fure. Har layin kanun bayani ya zama kore shar, na ɗauka ado ne Excel ya ƙara mini gyara.

Bayan isha'i na ɗauki hoton na tura rukuninmu na WhatsApp, na bi shi da rubutu: "Ja bashi ne. Kwamfuta ba sani ba sabo."

Ban ajiye wayar ba ta yi ƙara. Baffa Alhaji ne, mutumin da tun farkon shekara yake biyan 60,000 ɗinsa gaba ɗaya.

"Kai ɗan nan, ni ka shafa wa ja a gaban 'ya'yana?"

"Allah ya ƙara girma, Baffa, wallahi ba ni ba ne, kwamfuta ce."

"To miƙa mata wayar mu gaisa."

Ina cikin ba da haƙuri a durƙushe, kamar yana ganina, sai ga saƙon murya daga Baffa Ƙarami, wanda rabonsa da zuba ko sisi tun Babbar Sallah. Shi kore ya samu. Minti uku yana godiya ga Allah da gaskiya ta yi halinta, har da yi wa masu jan launi nasiha a kan riƙon zumunci.

Washegari da sassafe na kai wa ƙanwata kwamfutar, ita da take karanta lissafin kuɗi a jami'a. Kallo ɗaya ta yi ta tuntsire da dariya.

"Yaya, daga layi na 1 ka zaɓo teburin, fomular kuma ta ce 2. Kowa yana ɗaukar laifin na ƙasansa ne. Ba ka ga kanun ya yi kore ba? Ai koren Baffa ne ya haura."

Ta gyara zaɓin ya fara daga layi na 2. Launuka suka sauko da taki ɗaya, kowa ya koma rigarsa. Baffa Alhaji ya yi kore, Baffa Ƙarami ya yi jawur, raina ya yi fari. Sai idona ya gangaro layi na 31.

Sunana ne, ja kamar gauta. Ashe garin bin mutane bashi na manta ban zuba nawa ba, koren ƙanena da ke ƙasana ne ya rufa mini asiri a daren jiya.

Kafin in kai hannu ta riga ta ɗauki hoton allon da wayarta.

"Yaya, in tura wa dangi, ko za ka sa mini data?"

Na zuba 5,000 a asusu nan take, na sa mata data ta wata guda, sannan na saya wa Baffa goro na nufi gidansa.